Wayar da Ta Ƙi Yatsan Iya

Tarai, Kibiya

Yaya Munzali,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya Anti Saudat, ya ruwan Fatakwal da aka ce ba ya gajiya? Mu nan ruwa ya ɗauke, an cire gyaɗa, tsakar gidanmu ba wurin sa ƙafa. Kakarmu Iya tana nan lafiya, sai idon nan nata da gwiwa. Ta ce in gai da mijinta, in tambaye shi ko sakinta ya yi ya manta bai aiko da takardar ba.

Na san za ka yi mamaki in Gwadabe mai motar albasa ya miƙo maka takarda, a zamanin da ko mai tallan awara saƙon murya take turawa. To kai ka jawo. Na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara yi maka magana ta wayar nan ba sai ranar da ka cire mata takunkumi. Shi ya sa duk kiran da ka yi Iya nake miƙa wa in fita. Ba wanke-wanke nake tafiya ba kamar yadda take ce maka. A bakin ƙofa nake tsayawa ina jin ku.

Ran da ka kawo wayar da Babbar Sallah ka ce ta Iya ce, ni ce mai kula da ita. Na yi murna har na kasa yi maka godiya, ka san ni da nauyin baki. Ashe latse-latsen da ka zauna kana yi a zaure ɗaure ta kake yi a jikin taka. Yanzu ga zaman da muke yi da ita. Awa ɗaya take bayarwa a yini. Awar na cika sai fuskarta ta koma toka, ta rubuto wai lokacin yau ya ƙare, a nemi izinin mai kula. Mai kula kuwa yana Fatakwal! Iya ta kunna tafsiri da safe ya ci rabi. Maƙwabciyarmu Inna Dije ta shigo a nuna mata hotunan bikin 'yarta da ke aure a Yalwa, ba ta gajiya da kallonsu, ya ci wani. Ni sai ƙanzo.

Manhajar hira, inda nake samun littattafai, ka toshe ta gaba ɗaya. Hotonta ya dishe, in na taɓa sai ta nuna min ɗan makulli.

Sannan yatsan Iya kaɗai ka ajiye a ciki, lambar sirri kuma tana kanka. Duk sanda nake son buɗewa sai na je na ari babban yatsanta, ko da gyangyaɗi take. To ɓarar gyaɗa ta fara cinye zanen yatsan. Jiya ta dangwala ta dangwala, wayar na ta girgiza tana ƙi. Iya ta ajiye ta a kan tabarma ta ce, “Ikon Allah. Ashe ita ma ta san tsohuwa.”

Yaya, akwai abina a cikin wayar nan wanda awa ɗaya ba ta isarsa. Ba zan faɗa maka ko mene ne ba. Ka buɗe ta kawai.

In ka ce na yi maka rashin kunya, ka tuna kai ɗan mace ne ni 'yar namiji. Tun kafin a haife mu aka halatta min.

Taubashiyarka,
Zulaiha

Fatakwal

Zulai sarkin kunya,

Wa'alaikumus salam. Lafiya ƙalau muke, Saudat tana gaishe ki. Ki ce wa Iya igiyarta na nan daram, kishiya ce ta tsare ni.

Ashe bakin naki a biro yake! Yarinyar da in na shigo gida take ɓuya a bayan rumbu, ita ce ta cika min shafi biyu. Na karanta a shago har yaran da muke gyaran waya tare suka tambaye ni abin da nake wa dariya.

To bari mu yi maganar gaskiya. Wayar nan tana turo min rahoto. A makon farko, kafin in sa mata iyaka, awa bakwai ake yi a kanta a yini ɗaya. Awa bakwai, Zulaiha! Kar ki ce min Iya ce. Ke da za ki zana jarabawar fita sakandare baɗi. Da bakina na yi wa mahaifinki Kawu Ramalan alkawari wayar ba za ta lalata miki karatu ba, da ƙyar ya yarda a bar ta a gidan. Littattafan nan na “ya kalle ta, ta sunkuyar da kai” ba su taɓa ci wa kowa jarabawa ba.

Abin da ya tsaya min shi ne layin nan naki, wai akwai abinki a ciki. Na juya shi na sake juyawa. Waye shi? Ɗan ina ne? A nan shagon ina ganin abin da waya ke jawo wa yara mata, ba labari aka ba ni ba. In wani ne ke turo miki saƙo, gara ki faɗa min tun ina taubashinki, kafin in zama ɗan saƙon Kawu.

Kuma ki ji da kyau. Kar wata ƙawa ta ba ki shawarar kai ta wurin masu gyara a Rano a fasa makullin. Na sa mata manhajar kama ɓarawo. Duk wanda ya gwada buɗewa ya kasa sau da yawa, za ta ɗauki hotonsa ta turo min, ta gaya min inda take. Akwai kuma jan maɓalli a nan wajena, in na danna shi komai na cikinta zai goge, ta koma kamar ran da ta fito daga kwali. Ba na son in danna. Kar ki sa ni.

Maganar yatsan Iya, ta riƙa wanke hannu tana shafa mai. In na zo gida zan ƙara mata wani yatsan.

Ki yi karatu.

Yayanki,
Munzali

Tarai

Yaya Munzali,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Iya ta shafa man kamar yadda likita ya ce, yanzu wayar zamewa take yi daga hannunta, buɗewa kuwa sai ta ga dama.

Ka tambaye ni waye shi. Na kwana biyu ina jin kunyar tambayar, daga baya kunyar ta koma haushi. Sunansa Sadiƙ. Dogo ne, ba ya son magana, yana da tabo a gira. Kuma babu shi a duniya, Yaya. Ni na yi shi.

Littafi nake rubutawa. Ga shi na faɗa. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Yana cikin manhajar rubutu, mai hoton 'yar takarda rawaya, wadda ka manta ba ka toshe ba. Awa bakwai ɗin da aka kai maka ƙarata, rabinta da babban yatsa ɗaya na yi ta ina harhaɗa kalmomi, wayar tana gyara min Hausa tana mayar da ita Turanci ina mayarwa.

Labarin wani mai haƙa burtsatse ne da aka turo wani ƙauye, da Zahra'u, wadda ke kai wa ma'aikata abinci. Dutse ya tare ruwan. Duk inda suka kafa inji sai ƙarfe ya yi ta kuka, ba ko laima. Muddin ruwa bai fito ba Sadiƙ yana garin, ran da ya fito zai naɗe kayansa. To Zahra'u tana cikin masu roƙon Allah ya kawo ruwa, ita ma da tulu take tafiya rafi mai nisa, amma duk sanda liman ya yi addu'a aminta a maƙoshi take tsayawa. Har yanzu bai taɓa kiran sunanta ba. “Mai abinci” yake cewa. Akwai kuma ɗan kwangila da ke son ɗauke injin ya kai wani gari. Na wuce rabi.

Ga abin da rahotonka ba zai gaya maka ba. Da la'asar mata suna taruwa a gidanmu ɓarar gyaɗa, Iya da Inna Dije da Jummai matar Malam Ƙasimu. Da ina karanta musu littattafan mutane. Da ka toshe, sai na fara karanta musu nawa, na ce na wata marubuciya ce a Kano. Ran nan, daidai inda Sadiƙ ya miƙo wa Zahra'u kwano ta ga ya wanke shi da ruwan shansa, sai fuskar wayar ta koma toka. Lokacin yau ya ƙare.

Na sauke wayar. Inna Dije ta ce, “Sai me? Ke 'yar nan, kin rataye mu kin tafi.”

Jummai ta ce, “Wallahi in bai yi mata magana yau ba na daina jin littafin nan. Namiji sai ka ce turmi!”

Ban san abin da ya shige ni ba. Na ɗaga wayar na kare fuskata da ita, na ci gaba. Ba komai a gabana sai toka da ɗan makullinka. Maganar na zuwa, kamar wani ke miƙo min. Har aka kira magariba ba wadda ta tashi. Tun ranar haka nake yi, in ta rufe in ci gaba da ka, ina jan yatsa a kan gilashi kamar mai juya shafi. Washegari in bi abin da na faɗa in rubuta da ɗan ƙanzon da ya rage min. Bakina ya yi wa rubutun nisa, shi ya sa awa ɗaya ba ta isa.

Ba ni da shi a ko'ina sai a cikinta. Na gwada kwafewa a takarda, kafin in cika shafi biyu ta rufe. Saboda haka maɓallin nan naka ja, ka ɗauke hannunka daga kansa. Ba roƙonka nake ba, sanar da kai nake. Karatuna kuma ka tambayi makaranta, ban sauka daga inda nake ba.

In ka yi min dariya a shago, Allah ya isa ban ce ba, amma na kusa.

'Yar Inna Dije ta haihu, za mu je suna Yalwa har da Iya. Gwadabe ya ce gobe zai ɗau hanya.

Zulaiha

Fatakwal

Zulaiha,

Ina fatan kuna lafiya, ke da Iya. Hankalina ba a kwance yake ba, shi ya sa zan taƙaita. Ban ga amsarki ba. An ce motar Gwadabe ta lalace a hanya, suna jiran kayan gyara. Wannan wani ɗan Rano mai zuwa gida na ba.

Ran Asabar wayar ta yi ta turo min hotuna. Goshin wata mata. Hancin wata. Wata ta buɗe baki tana leƙe. Ba wadda na sani a ciki. Na ƙarshe wani ƙato ne mai gemu. Na duba taswira, ta nuna min wayar ba ta Tarai, tana wajen Rano. Na kira na sake kira ba a ɗaga ba. Na nemi Kawu, tasa a kashe.

Ko dai an sace ta, ko kin kai an fasa miki bayan na hana ki. Duk biyun maganinsu ɗaya. Akwai hotunanku a ciki, har da na Saudat ba mayafi, ba zan bar su a hannun mai gemun da ban sani ba. Na danna.

In tana hannunku, kar ki tayar da hankalinki. Ba abin da ya ɓata sai tarkace. Tafsirin Iya ana sake saukewa, hotunan bikin suna nan a tawa. Littattafanki kuwa sun cika duniya, wanda aka goge yau gobe wata za ta rubuta irinsa goma.

Ki sanar da ni halin da ake ciki.

Munzali

Tarai

Yaya Munzali,

Muna lafiya. Mai jego da jariri suna lafiya, an sa masa Salahuddeen. Ba a sace wayar ba.

Jajiberin suna duk mata aka sa lalle, Iya har da dungulmi, yatsunta suka yi jawur. Ranar suna dangin miji suka ce a nuna musu hotunan biki. Iya ta dangwala, wayar ta ƙi. Ta goge a zani ta sake, ta ƙi. Sai wata tsohuwa ta ce, “Kawo nan, wataƙila jininku ne bai haɗu ba yau.” Ta sa nata. Daga nan kowa ta miƙo yatsa, wai ko za ta ji ƙan wata. Ina gefe ina cewa a bari, a bari, amma ka san muryata, ga kiɗan ƙwarya. Goshin da ka gani na uwar miji ne. Hancin na Jummai ne, ka san shi, ka ci tuwonta. Mai gemun Uzairu ne, mai cajin waya a bakin masallaci, Inna Dije ta kai masa ya duba, ya ce ba aikinsa ba ne ya maido. Kiran da ka yi tana cikin jakar Iya, Iya tana zaune a kan jakar.

Da na karɓe ta da yamma tana hannuna ta yi fari. Wani ɗan layi ya fara tafiya a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Na danna duk abin da ake dannawa. Na danne maɓallin gefe har yatsana ya yi zafi. Layin bai tsaya ba. Da ya kai ƙarshe ta mutu, ta taso, ta yi min barka da zuwa da Turanci, kamar ba ta taɓa ganina ba.

Ban yi kuka a gidan mutane ba. Na riƙe har muka hau mota.

Yanzu imel ɗinka take nema, ko kira ba ta yi. Na naɗe ta a ɗankwali na sa a ƙasan kwallar Iya. Kana iya aiko a ɗaukar maka.

Ka ce tarkace. Wasiƙata tana aljihun Gwadabe. In ta iso ka karanta ta sau biyu.

Zulaiha

Fatakwal

Ƙanwata Zulaiha,

Assalamu alaikum. Ya jikin Iya, ya gajiyar suna? Mu lafiya, in dai ana kiran wannan lafiya.

Gwadabe ya iso. Takardar duk ta sha baƙin mai, amma ana karantawa. Taki ta biyu ta riske ni kwana kaɗan bayanta. Na karanta sau biyu kamar yadda kika ce, na ƙara na uku.

Na rufe shago na zauna neman hanyar dawo da shi. Akwai ma'ajiya a yanar gizo da waya ke tura kwafin rubutu da kanta. Na shiga na duba, ba komai. Sai na tuna ni na kashe wannan saitin tun a zaure, don kar ya riƙa cinye muku data. Na kira wanda ya koya min aiki, ya ce in an goge ta wannan hanyar ko kamfanin da ya ƙera ta ba zai dawo da shi ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, ya tafi.

Saudat ta karanta wasiƙar. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Ta ninke ta ta ajiye, can ta ce, “To yanzu wa zai gaya min ko ruwan ya fito?” Tun ranar shayina ba sukari, ta ce ta manta.

Ki yafe min, Zulai. Na zata ina tsare ki ne.

A bayan takardar nan na rubuta imel ɗin da kalmar sirrinsa, da lambar buɗewa. Ki bi a hankali, babban baƙi inda na sa babba. Za ta tashi. In ta tashi zan mayar miki da iyakar awa uku, in buɗe miki manhajar hira ranar Juma'a da Asabar. Ina ganin hakan ya yi adalci. Ni zan yi wa Kawu bayani.

Don Allah ki kira ni.

Yayanki,
Munzali

Tarai

Yaya Munzali,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya ƙalau. An gama gyaɗa, an shiga sussukar dawa. Iya ta ce a gaya maka ta kai ƙararka wurin Anti Saudat, su biyu sun haɗe maka kai. Ka gai da ita, ka ce na gode, ta mayar maka da sukarinka.

Na daɗe ban ba ka amsa ba, ba don Gwadabe ba. Ni ce ban shirya ba.

Bayan mun dawo daga Yalwa na daina fita tsakar gida da la'asar. In na ji sallamar Inna Dije sai in shige ɗaki in ce kaina ke ciwo. Ran nan Iya ta ɗaga murya ta ce, “Zulaiha, fito. Ciwon kan nan ya isa haka, mu ma namu ya fara.”

Na fito na zauna. Na ce musu littafin ya goge, marubuciyar kuma ban san inda zan same ta ba.

Inna Dije ta kalli Jummai, suka fashe da dariya. Ta ce, “Marubuciyar Kano! Ke, tun ranar kwanon nan ina gefenki. Fuskar wayar toka ce fal, kina ta shafa ta kamar mai lallashin jariri. Na taɓa Jummai na ce ta yi shiru, in muka yi magana tsuntsuwar za ta tashi.”

Iya ta ce, “Ni idona ne ya tafi, kunnena na nan. Wace 'yar Kano ce ta san kukar bayan gidan Malam Ƙasimu mai rami a gindi? Wace ce ta san liman yana tari kafin ya ce amin?”

Yaya, da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ja hijabi na rufe fuska. Na ce ko ma nawa ne ai ya tafi, ba zan iya tuno farkonsa ba.

Jummai ta ce, “Farko? Da injin ya shigo gari yara na bin sa, akuyar mai gari ta tsinke.”

Inna Dije ta ce, “Ƙarya kike, da rafi aka fara. Zahra'u ta fasa tulu.”

“Tulun a babi na biyu ne!”

“Ke da kika tafi duba tukunya a wurin, me kika sani?”

Suka kaure. Iya ta raba su ta ce da injin aka fara, amma akuyar ta liman ce. Sai na ji bakina ya ce, “Ta mai gari ce.” Iya ta ce, “To tunda kin sani, ɗauko biro.”

Haka muke yi yanzu. Jummai maganganu take riƙewa, duk abin da Sadiƙ ya faɗa, da yake ba shi da yawa, tana da shi a ka. Inna Dije ta san kayan da kowa ya sa da abin da aka dafa. Iya ta san abin da ya zo kafin wani. Ba duka ya dawo ba. Akwai wurin da Zahra'u ke kallon hasken injin daga kan dutse, na san na rubuta shi da kyau, na san ya fi komai kyau, ba wadda ta riƙe shi, ni ma ya ƙi zuwa. Wannan kam ka ci shi. Na yafe maka, amma ina so ka san akwai shi.

Wayar ta tashi, na gode. Na bi abin da ka rubuta, babban baƙi inda ka sa babba. Da ta buɗe na shiga saiti na yi ta yawo, ɗaki bayan ɗaki, ashe gida ne guda ka kulle mu a zaurensa. Na ƙara girman rubutu har Iya tana gane lambobi. Na hana ta gyara min Hausa. Na kunna ma'ajiyar da ka kashe. Na ajiye yatsun Iya uku, har da ɗan ƙaramin da ba ya taɓa gyaɗa, na ajiye nawa, na ajiye na Inna Dije.

Sannan na je wurin da aka rubuta mai kula. Ta tambaye ni ko na tabbata ina son cire shi. Ta nemi kalmar sirri, na ba ta. Ta sake tambaya ko na tabbata. Ban taɓa tabbata da wani abu kamar haka ba.

Saboda haka awa ukun da ka yi min alheri da su ka riƙe abinka. Kafin in taɓa komai na hau mota na je Rano, inda Baba yake zaune, na same shi da kaina, na tsuguna na faɗa masa duka, muryata ba ta fi ta sauro ba amma ya ji. Ya ce in na faɗi jarabawa shi zai karɓe ta da hannunsa, ba daga Fatakwal ba. Na ce na yarda. Na sa mata lokacin barci da kaina, daga na tafi makaranta har in gama aikin gida. Ni na sa, ni na san lambar.

Da la'asar kuma ba na ɗaukar ta. Tana ɗaki. Ina kallon fuskokinsu ina faɗa, har jiya na kalli Jummai ido cikin ido na sa Sadiƙ ya ce “Zahra'u.” Ta yi guɗa har kaji suka watse.

Ka ce wa Anti Saudat ruwan bai fito ba tukuna. Ɗan kwangila ya zo da mota zai ɗauke injin. Da ba shi da suna, Alhaji kawai nake ce masa. Da muka zo sake rubutawa Inna Dije ta rantse da Munzali ta ji shi tun farko, Jummai ta ba da shaida, Iya ta ce ita ma haka ta ji. Uku suka rinjayi ɗaya, na rubuta.

Yanzu gardamar da ake yi ita ce yadda za a yi da shi. Iya ta ce a jefa shi tsohuwar rijiya, mijinta ne ta yafe. Jummai ta ce a bar shi da rai amma motarsa ta kafe a yashi. Inna Dije ta ce ya tuba ya ɗauki tulu ya yi wa garin jigilar ruwa har ƙarshen littafi.

Ban yanke ba. Zan kira ka ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da kaina, in ji yadda za ka gaishe ni. Daga nan sai in san abin da ya dace da shi.

Taubashiyarka,
Zulaiha